Yatsan da Ya Dangwala

"Ta sake toshewa," in ji Shawulu, yana girgiza bindigar feshin da haushi. Maimakon fenti ya fita a baje, sai tofi take yi, tana barin zirin-zirin a bangon Alhaji.

Ɗahiru ya kashe injin, ya tsuguna. Tun safe aikin ke nan. Ya zaro tiyon daga bokiti ya wanke rariyar da ke bakinsa, ya kwance mariƙin bindigar ya fito da 'yar matatar ciki, ga ta nan ta cunkushe da gudaji kamar kunun da ya kwana. Ya wanke ta da kananzir, ya mayar.

Su biyun maƙwabta ne a unguwar Gama, katanga ɗaya ta raba su. Shawulu Kirista ne mutumin Wusasa, ya girme wa Ɗahiru nesa ba kusa ba, a fentin mota ma ya yi furfura kafin ya koma na gidaje. Wannan injin kuwa baƙo ne a wurinsu duka. Ba ya aiki da iska irin na gareji, fentin yake turawa da ƙarfin tsiya ta wani ɗan rami kamar kafar allura. Lawan, yaron Alhaji mai kula da aikin, shi ya ɗauko hayarsa don a yi sauri, saboda Alhaji ya ci zaɓen majalisa, ran Asabar za a yi walima a wannan gida na unguwar Nasarawa.

"Lawan, fentin nan tsoho ne," Shawulu ya ɗaga murya. "Ya yi fata, ya yi gudaji. Shi ke toshe mu."

Lawan ko tashi bai yi daga inuwar mangwaro ba. "Malam Shawulu, shi ne a sito. Ku dai ku gama."

Shawulu ya yi tsaki, ya zaro wani siririn ɗankwali daga jakarsa. Na matarsa Milka ne. Suka ɗaure shi a bakin bokiti suna tace fentin.

"Maman Jacinta ta sani kuwa?" in ji Ɗahiru.

"Ta san ya ɓata. Kai ma ka san ya ɓata, ko?"

Suka yi dariya. Aiki ya ɗan miƙe, sannan wajen la'asar bindigar ta sake yin shiru gaba ɗaya. Wannan karon ba matata ba ce, bakin ne ya toshe. Ɗahiru ya kashe injin ya juya neman kananzir. Shi kuwa Shawulu, hannunsa ya yi abin da ya saba yi a gareji tun kafin a haifi Ɗahiru: a tsohuwar bindiga, in baki ya toshe, sai ka danne shi da babban yatsa ka ja kunama, iska ta koma ciki ta ture dattin. Ya danne, ya ja. Injin a kashe yake, amma ƙarfin yana nan maƙare a cikin tiyo. Sai ji aka yi tas!

"Wash!" Shawulu ya yarfe hannu, ya dangwala yatsan a gindin bango, ya bar shaidar fenti ruwan madara da ɗan ja a tsakiya. Ya duba. Ɗigo ne kawai, kamar cizon sauro.

"Baban Jacinta, mu je asibiti."

"Don wannan? Haba Ɗahiru. Ka ga ma ta buɗe."

Lawan ya leƙo, ya ga ba jini, ya ce a kai shi kemis in an tashi. Aka kai shi, aka yi masa allura, aka manna filasta.

Washegari yatsan ya kumbura ya yi fari fat, hannun ba ya dunƙuluwa. Ɗahiru ya tare shi a ƙofar gida ya ce wallahi yau asibiti za su. Shawulu ya ce in suka bar aikin nan a tsakiya, wa zai sake kiransu a Nasarawa? Ya koma riƙe bindiga da hagu. Ɗahiru ya samu Lawan a gefe ya roƙe shi ya bar direba ya kai dattijon nan asibiti.

"Motocin duk suna ɗaukar kujeru," in ji Lawan. "Bayan walima ni da kaina zan gaya wa Alhaji."

Shawulu ya ji. Ya ɗaga yatsan mai filasta yana murmushin ciwo. "Da wannan fa na dangwala masa, Ɗahiru. Har rana ta buge ni a layi."

Ran Juma'a da safe Milka ta buga ƙofar Ɗahiru. "Malam Ɗahiru, zo ka ga maƙwabcinka. Surutai yake yi, bai san ni ba."

Hannun ya zama baƙi har gwiwa, ɗakin yana wani irin wari. Ɗahiru ya ɗora shi a babur, ya ɗaure shi a jikinsa da zani. A asibiti likita ya tsaga hannun, sai ga fenti, fentin Alhaji ruwan madara, ya bi jijiya ya wuce wuyan hannu. Likitan ya ce irin wannan rauni ranar da ya faru ake zuwa, yanzu guba ta shiga jini. Suka yanke hannun, amma a banza.

Ran Asabar da hantsi Shawulu ya ɗan farfaɗo, ya ga Ɗahiru a gefen gado. "Ka wanke matatar nan? In fenti ya bushe a ciki, shi ke nan."

"Na wanke."

"Ka mayar wa Milka ɗankwalinta. Ka ce ni na ɗauka."

Bai kai azahar ba. A daidai lokacin, can Nasarawa, ana ta sauke kulolin shinkafa.

Ɗahiru ya raka gawar har Wusasa, ya tsaya daga bayan jama'a ana waƙoƙin da bai iya ba. Ba wanda ya zo daga gidan Alhaji. Da ya dawo dai saƙon Lawan ya iske shi: akwai bangon baya da ba a ƙarasa ba, kuma mai inji yana son kayansa.

Ya je. Ɗankwalin yana nan a kan shingen furanni inda suka shanya shi, ya ƙame kamar kwali. Ya naɗe shi da ƙyar ya sa a jaka.

"Allah ya ba ku haƙuri," in ji Lawan. "Alhaji ya ji, ya ce abin bai yi masa daɗi ba. Af, ka shafe wancan dattin na gindin bango, har wani baƙo ya nuna."

Ɗahiru ya juya ya nufi bangon. Injin ma bai taɓa shi ba. Ya ɗauki buroshi ya bi bangon daga sama, a hankali, har ya sauko inda shaidar take. Ta bushe, layukan yatsan sun fito ɓaro-ɓaro, jan tsakiyar ya koma ruwan ƙasa. Ya tsuguna ya ɗora nasa yatsan a kai. Na Shawulu ya fi nasa faɗi, ya leƙo ta ko'ina.

Buroshin yana ɗaya hannun, fenti yana ɗiga masa a takalmi.