Darasin Hausa a Ajin Lissafi

Kwalejin ilimi ta turo ɗalibai huɗu koyon koyarwa a wata firamare da ke gefen Daudawa, kuma duk huɗun Hausa suke karantawa. Makarantar kuwa tana da malaman Hausa har biyu. Malamin lissafi ne babu, tun da aka mayar da na ƙarshe Faskari. Sai hedimasta, Malam Yahuza, ya dubi Bilya, wanda ya fi sauran kunya, ya ce ya riƙe masa lissafin aji huɗu kafin a ga abin da Allah zai yi.

Bilya ya riƙe har zango ya kusa ƙarewa. Sannan labari ya zo cewa Hajiya Adama daga kwalejin tana tafe ranar Laraba. Za ta zauna a bayan aji ta ba shi maki, kuma a Hausa za ta auna shi. In ya faɗi, sai ya maimaita baɗi.

"Abu mai sauƙi," in ji hedimasta. "Ka shiga ka koya masu Hausa kamar kullum haka kake yi."

"Malam, ba ƙarya ba ce?"

"Hausar ce ƙarya? Kai dai ka cika tsoro."

Bilya ya yi ta juya maganar. Darasin zai zama na gaske, yaran ma na gaske ne, amma abin da ake so Hajiya ta ɗauka ba haka yake ba. Ya kasa gano inda ƙaryar ta zauna, nauyinta kawai yake ji.

Ranar Laraba Hajiya ta zauna a bencin baya, hedimasta ya tsaya bakin taga. Abu ɗaya shi da Bilya suka manta. Bilya ya saba wa yaran cewa da ya sako ƙafa, kafin gaisuwa ma, su fara rera jadawalin sau. Yana shiga suka miƙe.

"Bakwai sau ɗaya, bakwai. Bakwai sau biyu, sha huɗu."

Ya ɗaga hannu su tsaya, suka ɗauka ƙara murya yake nufi. Sai da suka kai bakwai sau sha biyu suka zauna, suna kallon baƙuwa ko za ta yaba.

"Madalla," in ji Hajiya. "Malam Bilya, wannan wane babi ne a Hausa?"

Bilya ya ajiye alli. "Hajiya, tunda na zo lissafi nike koya masu. Yau ce rana ta farko da zan yi Hausa."

Ta juya wajen taga. "Hedimasta, shigo mana, rana na dukanka."

Malam Yahuza ya shigo yana gyara hula. "Hajiya, ku kuka aiko mani 'yan Hausa huɗu. Mi zan yi da su? In jera su?"

Ta yi dariya. "Wannan laifinmu ne, kuma zan faɗa a can. Amma ba zan ba shi maki a kan abin da bai taɓa yi ba, ba kuma zan kayar da wanda ya koya wa yara sau bakwai ba. Mako mai zuwa ina Mairuwa, zan biyo ta nan. Daga gobe ya koyar da Hausa da gaske, in zo in gani."

"To lissafin fa?"

"Ba ka da alli ne?"

Da motarta ta tashi, Bilya ya ji kamar an sauke masa buhun masara daga ka. Hedimasta ya biyo shi har gindin darbejiya, ya waiga ko akwai mai ji.

"Bilya, ina kuka tsaya a lissafin?"

"Rabawa mai tsawo, Malam."

Malam Yahuza ya rage murya. "Wadda ake sauko da lamba ƙasa?"

"Ita."

"To jawo benci ka tuna mani."