Tankin da ba ya yoyo

Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yar Baba, bai taɓa ba ni ko gyaran buta ba. Ni kuwa mai gyaran famfo ne, kuma ba yabon kai ba, duk gidan da na sa wa hannu ba a sake jin ɗigon ruwa. Amma Baba masunci ne, a wurinsa mutumin da ruwansa yake cikin bututu bai san ruwa ba. In na je gaisuwa sai ya amsa yana ɗinkin koma, ko ɗago kai ba ya yi. Abin yana ci mini rai, kuma babu abin da nake so kamar ranar da tsohon nan zai ɗauke ni mutum.

Wata Talata matata ta dawo daga gidansu tana ta murmushi.

"Baba ya ce ka je ka ɗaura masa tanki a jirgi."

"Ni?"

"A'a, maƙwabcinmu. Kai mana!"

Ashe Baba ya koma fatsa can tsakiyar ruwa inda manyan kifi suke, su kuma manyan masu tsirfa ne, ba sa kula abin da ya mutu. Ƙananan kifayen da yake saƙalawa a ƙugiya kuwa a bokiti suke sheƙawa tun kafin ya isa. Shi ne ya sayo tankin roba da ɗan injin da zai riƙa zuƙo musu sabon ruwa daga waje.

Na isa bakin ruwa da sassafe, da akwatin aikina da rigar da nake sawa in za ni gidan manya. Akwai wata takardar bayani a kwalin tankin, na ninke ta na goge hannu da ita. Na kafa tankin a tsakiyar jirgi, na ɗaure shi tamau. Na saƙala injin a baya, na ja tiyo na manne shi a jikin katako, ko ɗinkin tela albarka. Batir kuma na tura shi ƙarƙashin bencin da Baba ke zama, don kada ruwa ya taɓa shi. Makunni ban sa ba, wannan aikin masu lantarki ne. Na dai tanadi waya biyu da zan murɗa in mun tashi.

Da na cika tankin da bokiti don gwaji, sai na ga ruwa yana tsiyaya ta wani huji kusa da baki. Huji a sabon tanki! Na yi tsaki, na zagi kamfanin har kakanninsa. Na yanko roba, na shafa gam, na liƙe ta ciki, na liƙe ta waje, na ƙara shafi na uku don Baba ne. Na sake cikawa, ko gumi tankin bai yi ba.

"An gama, Baba."

"To, shigo mu gwada."

Muka zuba kifayen, na durƙusa na murɗa waya, Baba ya zauna daram a kan benci ya tayar da jirgi. Injin zuƙo ruwan ya kama gurnani, ruwa na shiga, kifaye na wasa. Na zauna a gaba ina fuskantarsa, kaina ya kusa fin jirgin girma.

Ba mu yi nisa ba murfin tankin ya ɗaga da kansa, ruwa ya fara malala ta ko'ina. A nan na fahimci cewa abin da ke shiga dole ya sami hanyar fita, kuma hanyar ce na yi wa shafi uku.

Maganin abin ba wuya, waya kawai zan cire. Amma wayar tana ƙarƙashin surukina. Ko dai in ce masa ya tashi, ko in cusa hannu tsakanin ƙafafunsa, kuma ni ban ga wanda zan iya ba a cikin biyun. Shi ma na lura ya gani, amma ba zai kushe aikin mijin 'yarsa a gaban idonsa ba. Sai ya ɗaga kai yana nazarin sama.

Ruwa ya kawo idon sawu.

"Yau garin da ɗan sanyi," in ji Baba.

"Ƙwarai kuwa, Baba. Ta ƙasa yake tasowa."

Takalmina na dama ya taso ya wuce ta gabansa, ya ɗan janye gwiwa ya ba shi hanya. Kifaye suka fara tsallakowa daga tanki, suna yawo a jirgin kamar sun sami babban gida. Ɗaya ya shige mini ƙafar wando, na daure, na tambayi Baba lafiyar ƙanwarsa.

"Tana nan ƙalau. Kifin dai suna da rai."

"Sosai ma, Baba."

Na ɗauki ƙoƙon kwasar ruwa ina zubarwa a ɓoye, kamar mai sata. Injin kuwa, da yake ɗaurin gwani ne, duk ƙoƙo ɗaya da na zubar sai ya mayar da uku. Sai na ga Baba ya karkata jirgin a hankali, wai yana so ya nuna mini wata bishiya a gaɓa. Ruwa na ƙwauri muka doshi bishiyar, yana gwiwa jirgin ya zauna a kan yashi, ruwa ya ci batir, injin ya yi shiru.

Duk masuntan da ke bakin ruwa suka taru. Wani abokin Baba da ake kira Dogo ya kutso har ƙugu, ya leƙa tankin, ya shafa liƙin nan nawa, sannan ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Wane gwanin ne ya toshe mafitar ruwa?"

Na ji kamar in nutse a ɗan ruwan da ya rage. Na buɗe baki zan amsa, sai Baba ya riga ni.

"Ni ne. Ni na ce a toshe. Yaron nan ya yi ta ba ni baki, na ƙi ji."

Dariya ta koma kansa. Mutumin da ya shekara hamsin a kan ruwa, aka dinga yi masa tsiya, har da masu tambayarsa ko gobe zai huda ƙasan jirgin don ruwan ya fita. Ya tsaya yana matse hula, ya shanye duka. Ni kuwa hawaye ne suka zo mini, na duƙa ina kamun kifin da ke cikin wandona don kada a gani.

Da aka watse, ya matso kusa da ni, ya sa farce yana gwada ɓamɓare liƙin. Ko gezau.

"Kai, amma fa ya kama," ya ce. "Gobe ka zo da abin huji. Ka riƙo wandon canji ma, tare za mu fita."