Reza Huɗu a Fuska Ɗaya

Allah ya yi wa Auta zuciya mai taushi, ya kuma haɗa masa da fatar da ta fi zuciyar taushi. Idan reza ta bi ta kan fuskarsa da safe, kafin rana ta take sai ƙuraje su fito sahu-sahu, masu zafi da ƙaiƙayi, su yi zamansu har sai sun ga dama. Shi ya sa ya daɗe da sallama gemunsa, ya bar shi yana tsirowa yadda ya so, cunkus a nan, fili a can, kamar gonar da magada suka yi faɗa a kanta suka watsar.

A shagon ɗaukar hoto yake aiki, can ɗakin baya inda ba taga, gaban kwamfuta. Sana'arsa goge wa mutane abin da suka zo duniya da shi: tabo, kumburin ido, tamojin goshi. Tsoho ya shigo da shekarunsa, ya fita an rage masa rabi. A nan ya fara ganin Malama, mai koyar da lissafi a makarantar da ke ƙarshen layinsu, ranar da ta zo ɗaukar ɗan hoton katin aiki. Ya buɗe fuskarta a kwamfuta, ya ƙara girmanta, ya duba sama ya duba ƙasa, bai sami abin gyarawa ba. Hannunsa ya tsaya cak. Duk littattafan soyayyar da ya haɗiye tun yana makaranta suka taso masa a ƙirji lokaci guda, har sai da ya fita waje ya sha iska.

Daga baya ya bayyana mata sirrin zuciyarsa, ta amince. Da soyayya ta yi nisa, Malama ta ce mahaifinta yana son ganin hotonsa. Tsohon soja ne, ta ce, mutumin da har yau ba ya karyawa sai ya yi aski, kuma a wurinsa mai gemu ya gyara gemunsa, mara gemu ya kwashe, amma tsaka-tsaki lalaci ne. Auta ya zauna gaban hoton kansa da niyyar ya ɗan daidaita gefe-gefe. Hannu ya saba. Kafin ya ankara gemu ya tafi gaba ɗaya, kumatu sun yi sumul kamar bayan faranti.

Tsohon ya ga hoto ya ce, wannan yaro ya san mutuncin fuskarsa, ya zo ranar Asabar a yi magana.

"Kai ka jawo wa kanka," in ji Malama a waya. "Fuskar da ka aiko, ita Baba yake jira. Ka san inda ka ajiye ta, ka ɗauko."

Daga ranar Auta ya zama ɗalibin reza. Ya sayi abin aski na ƙarfe, irin wanda ake kwance kansa a sa reza mai baki biyu a ɗaure, don ya karanta cewa shi ya fi tausaya wa fata. Saura rezar da za a sa. Nan duniya ta rabu. Wasu masana na intanet sun rantse mai fata irin tasa sai reza mai tsananin kaifi, wadda za ta yanke gashi sau ɗaya ta wuce ba jan rai. Wasu sun ce wannan kisan kai ne, a nemi mai sanyin baki. Akwai masu cewa sirrin yana cikin abin da aka shafe bakin rezar da shi. Wani bawan Allah ya rubuta dogon bayani kan yadda reza kaza ta ceci aurensa, wani ya biyo ƙarƙashinsa ya ce ita ɗin ce ta sa ya yi sati bai fita ba. Auta ya karanta duka, ya yarda da kowa. A ƙarshe ya sayo kala huɗu: mai takarda shuɗiya, mai koriya, mai ruwan ɗorawa, da wata fara mai tsada wadda ko buɗe ta sai da ladabi.

Ya jera su a kan tebur yana kallo, yana ƙara karatu, har Asabar ta waye bai taɓa ko ɗaya ba.

Yayarsa, wadda yake zaune a gidanta, ta leƙo ta same shi tsaye gaban madubi da tawul a wuya kamar mai shirin dambe.

"Auta, aski za ka yi ko tiyata? In kira maƙwabta su zo ba da jini?"

"Yaya, ba za ki gane ba. Kowace fata da rezarta."

"Na gane mana. Mijina da reza ɗaya yake aski har ta yi tsatsa, ga shi nan da ransa."

"Fatarsa daban."

"Ai kuwa. Tasa ta mutane ce."

Ya rufe ƙofa. Dabara ta zo masa, irin wadda ba ta zuwa sai ga mai yawan karatu: zai raba fuskar gida huɗu, kuncin dama, kuncin hagu, haɓa, da ƙarƙashin wuya, kowace reza ya ɗan gwada ta a yankinta, wadda ta yi nasara ta ƙarasa sauran. Ya karanta kuma cewa ana tsoma reza a ruwan zafi tukuna. Ya kwance su duka daga takardunsu ya zuba a kofi ɗaya. Ya shafa kumfa har tana shiga masa ido, ya laluba ya ɗauko ta farko, ya ɗaura, ya ja. Lafiya lau. Ta biyu, lafiya lau. Ta uku da ta huɗu ma haka. Ya manta da abin da fatarsa ta sha koya masa, cewa ba ta rama duka nan take, sai ta bari ka yi ado ka fita. Da ya ga duk sun ci jarrabawa, sai adalci ya kama shi: kowace ta ƙarasa yankinta, kada a zalunci wata. Ya gama, ya watsa su a gwangwani, ya dubi madubi. Ga mutumin hoton nan tsaye yana masa murmushi. Hawaye suka cika masa ido.

A cikin mota ƙaiƙayin ya fara. Da farko wuya, kamar an zuba masa tururuwa a kwalar riga. Sai haɓa ta ɗauki zafi. Kuncin dama ya yi nauyi. Matar da ke kusa da shi ta dube shi sau ɗaya, ta janye ɗanta zuwa ɗaya cinyar.

Malama ce ta buɗe masa ƙofar gida. Ta daɗe tana kallonsa.

"Zuma ce ta kore ka, ko faɗuwa ka yi?"

"Saboda ke ne," ya ce. Ya tanadi wannan jimla tun a hanya, ya ɗauka za ta narkar da ita.

"Kada ka ɗora mini. Shigo."

Tsohon sojan yana zaune a falo, baya miƙe, hoton a kan teburin gabansa. Auta ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗago kai, sai ya ga abin da bai zata ba. Daga kunnen tsohon har maƙogwaro fatar duk gurzajjiya ce, baƙaƙen tabo a kan tsofaffin tabo, aikin shekara da shekaru na aski kullum a kan ƙuraje.

Tsohon ya dubi hoton, ya dubi Auta.

"Wannan na takarda ƙanenka ne?"

"Ni ne, Baba."

"To. An sha wahala a hanya." Ya ajiye hoton a kife. "Matso nan. Juya. Ɗaga haɓa. Kai, wannan wuya ya ga yaƙi. Juya ɗaya gefen."

Da Auta ya juya, sai tsohon ya matso. Ya sa tabarau. Ya miƙo yatsa, a hankali kamar mai taɓa jariri, ya shafa kuncin Auta na hagu. Sumul. Ko ɗigon ƙurji babu.

"Me ya faru a nan?"

Auta ya ba da labari duka, reza huɗu, yanki huɗu. Ya jira a kore shi. Amma idon tsohon ya kawo ruwa.

"Tun ina saurayi nake neman rezar da za ta bar ni lafiya," ya ce. "Na gwada na gida, na gwada na waje. Yaro, hotonka ƙarya ne, dabararka kuma ta wawaye ce, amma wannan kunci gaskiya ne. Wace ce ka sa a nan?"

Auta ya buɗe baki. Ya ga kofin ruwan zafi, ya ga reza huɗu tsirara kwance a ƙasansa, ya ga kumfa a idonsa. Bai duba ko ɗaya ba lokacin da yake ɗaurawa. Malama tana tsaye bakin labule da tiren shayi. Tsohon ya karkato gaba, yana jira kamar mara lafiya gaban likita. Abin da ya kamata ya ce gajere ne, ban sani ba, amma Auta bai taɓa miƙa wa kowa abu yadda yake ba tare da ya ɗan gyara shi ba.

"Shuɗiyar ce, Baba."

"Shuɗiya!" Tsohon ya bugi gwiwarsa. "Wadda nake wucewa kullum a kanti. Gobe da safe da ita zan yi aski. Idan fuskata ta kwana lafiya, ka turo manyanka, na ba ka. Idan kuwa ta yi irin wuyan nan naka, to ka san mai yi mini ƙarya sau biyu ba ya sake taka ƙofata. Sha shayinka."

Ya sha, bai ji ɗanɗanonsa ba.

Malama ta rako shi bakin ƙofa. Rana ta yi sanyi, haskenta ya sauka a kan fuskar nan da ya kasa samun abin gyarawa a cikinta, zuciyarsa ta yi kamar za ta fashe.

"Ka tabbata shuɗiyar ce?" ta ce.

Ya sosa wuya. "Kusan. Ko dai koriyar."

"Ko mai ruwan ɗorawa."

"Farar ma ba laifi."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar yadda take yi wa ɗalibin da ta san ba zai wuce ba.

"Daina sosawa, jini kake fitarwa," ta ce, ta tura ƙofar ta sa sakata.