Agogo a Cikin Gero

Agogon Alhaji Abdelkerim ba na zinariya ba ne. Baƙi ne, mai kauri, da fararen hannaye uku da maɗauri na ƙarfe. Ɗan ƙanensa da ke karatu a Jamus ne ya aiko masa, ya kuma yi masa bayani a waya: ba a murɗa shi, ba a canza masa batir, hasken rana yake sha, akwai kuma wata hasumiyar rediyo a can Jamus da ke daidaita masa lokaci. Ya ƙara da cewa saƙon hasumiyar ba ya isowa Garoua, kuma kada a bar agogon a duhu ya daɗe. Alhaji ya riƙe zancen hasumiya, ya watsar da sauran.

A majalisar da ke zama ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa a unguwar Yelwa, babu wanda bai san tarihin agogon ba. Ya faɗa kogin Binuwai bai tsaya ba. Wani bijimi ya kai masa ƙaho a kasuwar shanu ta Meiganga, abin da ya samu kawai ɗan karce ne a jikin maɗauri. Idan ladan ya kira salla, Alhaji kan duba wuyan hannunsa ya ce ladan ya makara.

"To, Jamus ta yi magana," in ji Malum, abokinsa tun suna yara a Kousséri, mai manyan motocin da ke kwasar masa shanu. "Ku tashi."

Farkon damina tafiya ta kama Alhaji zuwa rugagen da ke bayan Meiganga. Masu satar mutane a hanyar kan fara duba takalmi da wuyan hannu kafin su yanka fansa, don haka fatake kan shiga dajin da tsohuwar riga da silifas. Alhaji ya kwance agogon. Cikin gida akwai jikoki masu hannun taɓe-taɓe, sai ya kira Norbert.

Norbert mutumin duwatsun Mokolo ne, Kirista, yana gadin gidan tun kafin a haifi Su'ad, babbar 'yar Alhaji, wadda yanzu take goyon na uku. Ɗakinsa na jikin ƙofar gida. Maƙwabta in za su yi tafiya shi suke bar wa makullansu, 'yan kasuwa kan ajiye masa kaya su kwana. Ba shi da gona a Garoua, ba shi da fili. Abin da ya tara a tsawon zamansa shi ne wannan suna.

"Amana ce, Norbert. Kada ko ƙuda ya sauka a kansa."

"Ko ƙuda, Alhaji," in ji Norbert, ya karɓa da hannu biyu.

Tafiyar mako biyu ta zama ta fiye da rabin shekara. Babur ya kayar da Alhaji a hanya mai santsi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka kai shi Ngaoundéré, daga nan Yaoundé. Sai bayan an gama girbi ya dawo, ya rame, yana dogara sanda.

Ranar da ya fara fitowa majalisa, bayan la'asar, an cika fiye da kullum. Aka yi ta yi masa barka. Malum ya dube shi sama da ƙasa.

"Ƙugu dai ya ba da kai. Ina wanda ba ya karyewa?"

Alhaji ya yi dariya, ya ƙwala wa Norbert kira.

Norbert ya fito da wata 'yar tukunyar ƙasa ya ajiye a gaban tabarma. A garinsu na dutse haka ake yi: abin da mutum ya fi ji da shi, cikin rumbu yake zuwa, a tsakiyar hatsi, inda ɓarawo ba ya tunani, danshi ba ya kaiwa. Norbert ba shi da rumbu a birni, sai ya cika tukunya da gero ya liƙe bakinta da laka. Ya fasa lakar a gaban kowa, ya tura hannu ya zaro gwangwanin madara. Cikin gwangwanin akwai tsumma, cikin tsumman akwai farin ƙyalle. Ya warware shi a hankali, fuskarsa cike da alfahari.

"Tun ranar da ka tafi ko rana ba ta gan shi ba, Alhaji."

Alhaji ya karɓa. Hannayen agogon uku a tsaye suke cik. Ya girgiza shi. Ya kara a kunne. Ya danna maɓallan gefe ɗaya bayan ɗaya.

Malum ya leƙo. "Ƙarfe nawa a Jamus?"

Wani ya yi dariya, sauran suka kama.

"Ashe shi ma yana mutuwa," in ji Malum. "Kogi bai kashe shi ba, bijimi bai kashe shi ba, sai gero. Kai Abdelkerim, shekara nawa kana hana mu sakat da agogon 'yan tebur?"

Alhaji ya dubi masu dariyar. Wata da watanni yana kwance ana juya shi kamar buhu, ya dawo yana jan ƙafa, ga shi abu ɗaya da ya rage masa na taƙama ya mace a hannunsa a gaban mutane.

"Wannan ba agogona ba ne," ya ce.

Dariya ta tsaya.

"Nawa ba ya tsayawa. Wannan jabu ne, irin na bakin babbar kasuwa. Norbert, ina agogona?"

Norbert bai gane ba da farko. Har ya ɗan yi murmushi, yana jiran ƙarshen wasan.

"Shi ne wannan, Alhaji."

"Wa ka sayar wa?"

Yana faɗin haka babban yatsansa ya sauka a kan maɗauri, ya ji karcen ƙahon bijimin Meiganga. Ya san shi kamar yadda ya san tabon jikinsa. Amma magana ta riga ta fita, mutum goma sha sun ji. Ya rufe karcen da yatsan.

"Alhaji, na rantse da Allah..."

"Wane Allahn?" wani matashi ya jefo daga baya. Babu wanda ya tsawata masa.

Alhaji ya sa aka fito da kayan ɗakin Norbert waje ana bincike: katifa, akwatin ƙarfe, kwanuka, rigar zuwa coci. Aka zazzage geron a ƙasa, kaji suka taru. Mata suka leƙo ta saman katanga. Hajiya Ƙaltume, matar Alhaji, ta aiko a ce masa ya yi haƙuri ya shigo su yi magana. Ya ce a gaya mata ba shari'ar mata ba ce.

"Ba zan kai ka wurin jandarma ba, saboda tsufanka," ya ce wa Norbert. "Kwashe ka bar mini ƙofa."

Kafin magariba maƙwabta biyu sun zo sun karɓi makullansu. Norbert ya ɗaure kayansa a bayan babur ɗin haya. Alhaji ya cilla agogon kan rufin kwanon rumfar mota, don kowa ya shaida bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Ranar Garoua ba ta wasa. Kwana uku agogon yana kwance a kan kwano. A rana ta huɗu da hantsi, gidan shiru, Alhaji ya sa ƙugiyar sandarsa ya jawo shi. Ƙarfen ya ƙona masa tafi. Siririn hannun daƙiƙa yana tafiya, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Ya tsaya a rana yana kallo. A nan ne sauran maganar ɗan ƙanensa ta dawo masa, kalma bayan kalma. Lokacin da agogon ke nunawa ba daidai ba ne. Ya jira har washegari ko hasumiyar Jamus za ta gyara, ba ta gyara ba. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi ta fama da maɓallai har ya daidaita shi da agogon wayarsa.

Ya bari mako ya wuce kafin ya ɗaura shi. A majalisa ya ce yaron na Jamus ya aiko masa da wani, irinsa sak, ta hannun wani matafiyi.

"Wannan karon a ajiye shi a shinkafa," in ji Malum.

Da safiyar wata Asabar Norbert ya zo. Ya tsaya daga bakin ƙofar da ya yi shekaru yana buɗewa, ya cire hula. Yana kwana a barandar wani ɗan garinsu a unguwar Roumdé Adjia. Ya ce Madam Véronique, mai ɗakin ajiyar siminti a hanyar gada, tana neman mai gadi, amma labari ya kai mata. Ta ce ba za ta ɗauke shi ba sai ta ji daga bakin Alhaji.

"Kalma ɗaya, Alhaji. Ba ɗakin nake roƙo ba."

Alhaji yana zaune a kujera, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Ya ɗaga hannu zai kori ƙuda, hannun riga ya zame. Idon Norbert ya sauka a kan agogon ya tsaya. Shi ne ya goge maɗaurin nan da man gyaɗa kafin ya naɗe shi. Ya san karcen.

"Ya tashi, Alhaji," ya ce a hankali. Murna ce a muryarsa. "Alhamdu lillahi, ya tashi."

"Wannan sabo ne."

Norbert ya dubi maɗaurin, ya dubi fuskar Alhaji.

Malum da mutum biyu sun iso, suna shimfiɗa tabarma. Wayar Alhaji ta yi ƙara. Madam Véronique ce. Dama Norbert ya gaya mata lokacin da zai zo wurin Alhaji. Alhaji ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Suka gaisa da Fulatanci, suka koma Hausa.

"Alhaji, tsohon nan naka. In ba shi makullaina?"

Kalma ɗaya ce, kamar yadda Norbert ya faɗa. Amma in ya ce e, Malum zai tambayi ina agogon farko, kuma kafin azahar duk Yelwa ta san amsar.

"Madam, ni ba na shiga tsakanin mutum da abincinsa," ya ce. "Ba ya barci a bakin aiki, wannan na shaide shi. Siminti kuma yana da nauyi, ba ya shiga aljihu."

Ta ce, "Na gane, Alhaji. Na gode."

Norbert ya mayar da hularsa. Ya gaida mutanen tabarma ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, biyu suka amsa. Ya bi gefen kwata ya nufi titi a ƙafa.

"Ka yi masa adalci," in ji Malum. "Ni da ɗaure shi zan sa a yi. Ƙarfe nawa a Jamus?"

Alhaji ya duba, ya faɗa masa. Sannan ya ja hannun riga ya rufe maɗaurin.