Wutsiyar Ƙarfe Uku

A shekarar da jirgin ƙasa ya iso Zariya, Sati maƙerin Samaru ya samu abin da maƙera goma suka nema suka rasa: rumfa tasa ta kansa a sansanin masu aikin hanyar jirgi da ke Sabon Gari, gawayi kyauta, ƙarfe kuma irin na Turai wanda ba ya gardama da masaba. Kullum da sassafe yake sako ƙafa daga Samaru. Mutanen ƙauye har cewa suke yi tafiyarsa ta canja, kuma gaskiya ta canja, don Sati ba ya cikin masu ɓoye jin daɗi.

Wata Talata sai ga Cornelius, akawun Baturen sansanin, mutumin Lokoja mai Hausa a baki da fensir a bayan kunne. Ya shimfiɗa takarda a kan uwar maƙera. Kalmomi uku ne na Turanci, kowace haruffa huɗu, ana so a ƙera su da ƙarfe a kafa a wurare uku.

Sati bai san ko harafi ɗaya na Nasara ba, amma yana da ido. Ya duba ya ce, “Akawu, ai waɗannan 'yan uwa ɗaya ne. Kansu ne kawai ya bambanta, wutsiyarsu iri ɗaya. Ga matsefi mai haƙora uku, ga ƙotar fartanya biyu a bayansa.”

Cornelius ya yi dariya ya ce haka ne. Sati ya fara da wutsiyoyin. Kwana biyu yana dukan ƙarfe har ukun suka fito sumul, ka rantse a tukunya ɗaya aka zuba su. Rana ta uku akawu ya dawo ganin kawunan.

“Kafin in sa musu kai,” in ji Sati, “faɗa mini sunan kowa. Ba na ƙera abin da ban san aikinsa ba.”

Abin nema ya samu, don Cornelius na son a tambaye shi Turanci. Ya ɗora yatsa a kan BELL ya ce ƙararrawa ke nan, ta tashin ma'aikata. WELL kuma rijiya. Har ya ƙara da wasu da ba a tambaye shi ba, wai akwai TELL, wato faɗa wa mutum magana, akwai YELL, wato kwarma ihu, duk dangi ɗaya. Ya yi ta zuba, amma yatsan nan ya ƙi sauka a kan ta ukun.

“Wannan fa mai kai kamar jinjirin wata?”

Akawu ya sosa ƙeya. “CELL. Ɗaki ne.”

“Ɗakin me?”

“Ɗakin da ake ajiye wanda ya gudu daga aiki.”

Sati ya san ɗakin. Kowa ya san shi, yana bayan rumbun kaya, ba taga sai wata kafa da hannu ba ya shiga. Ruwan shuka ya sauka a makon nan, mutanen da aka kwaso daga ƙauyuka don haƙar hanya suka fara sulalewa gonakinsu, ana kamo su ɗaya bayan ɗaya. Jiya ma an wuce da Uba, abokinsa tun na ƙuruciya, da igiya a ƙugu. Laifin Uba dawa ce da ya je shukawa. Sati ya gan shi, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da hura zugazugi, kuma kunyar wannan sunkuyon ba ta bar shi ya ci tuwo ba.

“Ƙararrawa zan ƙera,” in ji shi. “Rijiya ma zan ƙera. Ta ukun a nemi wani.”

“Malam Sati, rufa wa kanka asiri. Harafi ɗaya ne fa ya rage, lanƙwasa ɗaya. Da shi da babu shi ɗakin yana nan. In ka ƙi, rumfar nan ta bar hannunka yau, gobe wani ya ƙera.”

“Sai ya ƙera. Hannunsa ne.”

Akawu ya tafi, ya dawo da Baturen, wani jan mutum da zufa ta jiƙa wa hula. Baturen ya yi magana gajeriya, Cornelius ya juya ta da Hausa yana kallon ƙasa: ko harafi kafin la'asar, ko ya kwashe komatsansa.

Tsoro kam Sati ya ji shi. Ya tuna komawa gindin tsamiya a Samaru, ana tsintar guntun ƙarfe a bola, ga masu dariyar da ke jiran ranar. Duk da haka ya sa awartaki ya ɗauki wutsiya ta uku ya cusa cikin wuta. Baturen ya gyaɗa kai, a zatonsa mutumin ya saduda. Shi da akawu suka tsaya suna kallo.

Da ƙarfen ya yi ja, Sati ya ɗora shi a uwar maƙera ya shiga duka. Ya naɗe matsefin a kan ƙotocin, ya mayar wuta, ya sake duka, har haruffan suka haɗe suka zama dunƙule. Ya faɗaɗa baki, ya ja tsini. Sai da ya tsoma cikin ruwa hayaƙi ya washe sannan Baturen ya gane abin da yake kallo. Ruwan fartanya ne.

Fuskar Baturen ta ƙara ja, ya fara wata doguwar magana da akawu bai yi ƙarfin halin juyawa ba. Sati bai tsaya ji ba. Ya naɗe zugazuginsa ya rataya, ya soke masaba a ɗamara, ya miƙa wa Cornelius ƙarfen da sauran ɗumi a jikinsa.

“Akawu, in an buɗe ɗakin nan, ka ba Uba. Ka ce masa ƙota tana wurina, ya same ni a Samaru.”