Ƙunshin Ƙwari a Shagon Illo

A Tudun Wada kowa ya san Malam Jinaidu da ɗakin ƙwarinsa. Tun yana saurayi yake bin fadamun Kwalkwalawa da raga, yana kamo fara da buzuzu da malam-buɗe-littafi, ya busar, ya kafe kowanne da allura cikin akwatuna masu murfin gilashi. Maƙwabta na yi masa dariya, wai mutum ya gama aikin gwamnati bai tara komai ba sai gawar ƙwari. Shi ko a jikinsa. Kajin matarsa Atika kaɗai yake faɗa da su, don kullum suna leƙen ƙofar ɗakin.

Kafur ne ke tsare masa akwatunan daga ƙananan ƙwarin da ke cin matattu. Sai bara ƙirjin Atika ya fara sarƙewa, likita ya ce warin kafur ne, a raba gidan da shi. Jinaidu ya kwashe ya zubar, bai yi gardama ba. Tun daga nan dokarsa ɗaya ce: baƙon ƙwaro ba ya shiga ɗakin sai ya yi kwanaki a firiza, sanyi ya kashe duk ƙwan da ya ɓuya a jikinsa.

Ana nan wani abokinsa ya aiko masa da ƙunshin ƙwarin daji daga Kamaru, irin waɗanda bai taɓa gani ba sai a hoto. Wuta kuwa a unguwar sai dai labari. Ya ɗauki ƙunshin ya nufi shagon Illo mahauci, mai firiza da janareto.

"Illo, ka aje min wanga cikin hiriza. Ƙwari na matattu, kak ka hidda shi."

"An gama, Malam," in ji Illo.

Amma da Jinaidu ya juya baya, Illo ya dubi ƙunshin, ya dubi naman da mutane za su ci. Mushe kusa da halaliyar yanka? In wani ya gani, ai kasuwarsa ta mutu. Kuma ba ya iya cewa dattijo a'a. Sai ya naɗe ƙunshin a tsabtataccen ƙyalle, ya ɗora can saman kanta inda ba mai taɓawa. Ranar da Jinaidu ya dawo, Illo ya miƙa masa da hannu biyu yana cewa, "Ga ajiyakka, lahiya lau." Jinaidu ya yi godiya, ya je ya jera baƙin cikin 'yan gida.

Bayan damina ya buɗe akwatin farko don ya nuna wa wani baƙo. Allurai na tsaye reras, ƙarƙashin kowacce ɗan tulin gari mai ruwan ƙasa. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku, duk an cinye. Farar da ya kamo shekarar aurensa, ƙafa ɗaya ta rage mata.

Da labari ya kai wa Illo, ya zo da kansa ya durƙusa a zaure. "Wallahi kunyakka nij ji, Malam. Ban san sanyin shi na magani ba, cewa nike ajiya ɗai ta."

Jinaidu ya rasa ma wanda zai yi wa fushi. Ya sallame shi.

Atika ta tsaya a bakin ƙofa tana share hawaye. "Malam, sawo kahur ɗin. Ni koma gidanmu har warin shi hita."

"Mi za shi tsarewa, Atika? Ba abin da yar rage."

Da la'asar ya fito da akwatunan tsakar gida, ya cire murafan, ya zauna a kan turmi. Kajin suka taho a guje, yau ba mai korarsu. Suka hau, suka tsattsagi garin nan da baki, suka tona. Ba su samu abin ci ba, suka sauka suka koma gindin murhu.