Turancin Fadila a Bayan Rumbu

A wajen wani suna a unguwarmu na fara jin maganar, wai Fadila jikar ƙanwata, wadda ke aure a Zango, aljanin Bature ya shige ta. Da rana tsaka take zagayawa bayan rumbu ta yi ta Turanci ita kaɗai, ta yi tambaya, ta saurara, ta ba da amsa. Surukarta Nana har ta ɗauke Madina, 'yar Fadilan, daga ɗakinta, an kuma aika wa wani Malam Dabo mai ruƙiyya a garin Babban Mutum ya zo.

Na koyar da Turanci a makarantar 'yan mata har na yi ritaya, ban taɓa samun ɗalibar da aljani ya taimaka wa ta ci jarrabawa ba. Washegari na shiga motar Zango.

Nana ta tarbe ni da fura da dogon bayani. Ta ce da kunnenta ta ji, har murya yarinyar take canzawa. Na tambaye ta me aljanin yake cewa, ta ce ina za ta sani, ita da ko aji ɗaya ba ta yi ba. Madina na kwance kan tabarma kusa da ita, 'yar shekara uku, tana numfashi sama-sama kamar wadda ta yi gudu. Na dubi leɓenta, ban so launinsa ba. Nana ta ce ciwon shawara ne, ana ba ta jiƙo.

Bayan azahar na ga Fadila ta nufi bayan rumbu. Na bi ta a hankali na tsaya jikin katanga.

"Hold on," in ji ta. Ta saurara. "Hold on, please." Can kuma, "Put off. They put off the meeting."

Aljanin nan dai ɗan aji ɗaya ne. Na fito na ɗaga gefen hijabinta, sai ga siririyar igiyar waya ta hau har cikin kunnenta. Darussan hira ne da mai cajin waya na bakin tasha ya tura mata, wani mutum yana faɗa, ana maimaitawa.

"Ƙawata, wannan ne Baturen naki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kaka, don Allah ki rage murya."

Na ce mata ai ta gama sakandare, me ya kai ta ɓuya. Ta ce Turancin makaranta daban. Ta san put, ta san off, amma in aka haɗa su sai su zama wani abu da babu shi a littafin da aka koya musu. Na tambaye ta wa ya haɗa mata su. Ta daɗe tana murza bakin hijabi kafin ta faɗa.

Kafin azumi sun kai yarinyar asibiti, ita da mijinta Sabiru. Likitan ɗan Kudu ne, ba ya jin Hausa. Ya daɗe da abin sauraro a ƙirjin yarinyar, sannan ya juya ga Sabiru suka yi ta magana a kanta, ita tana tsaye da zanin goyo a hannu. Da suka fito Sabiru ya ce ba komai, sanyi ne. Ta ƙara tambaya a gida, Nana ta ji, ta ce wace irin rashin kunya ce uwa ta riƙa rawar jiki a kan 'yar fari. Daga ranar ta kama bakinta. Ko yanzu da take ba ni labari ba ta kama sunan Madina ba, "yarinyar nan" take cewa.

Amma ta riƙe abin da ta ji. Ta haddace shi kamar karatun allo, tana bin darussan ɗaya bayan ɗaya ko za ta ci karo da shi. Ta samo guda, saura uku.

Na ce ta karanto mini. Ta rufe ido, ta sauya murya irin ta likitan.

"We can't put it off. We are running out of time. Have you broken the news to her?"

Sai ta koma muryar mijinta. "No, doctor. She will break down."

Ta buɗe ido. "Na farkon na gane, ba za a ɗaga ba. Mene ne ba za a ɗaga ba, Kaka? Me zai karye?"

Na fassara mata su yadda suke, ban rage komai ba: lokaci yana ƙurewa, an tambaye shi ko ya sanar da ita, ya ce a'a, ba za ta iya ɗauka ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da rumbun. Ba ta yi kuka ba.

Sabiru ya dawo da la'asar, na tare shi a zaure tun bai kafe babur ba. Ya fara gaisuwa, na maimaita masa maganar likitan da Turanci. Ya tsaya riƙe da babur ɗin. Ya ce yana jira ne a sayar da gyaɗa, kuma mata ba a faɗa musu irin wannan, ko Innarsa Nana bai gaya wa ba. Na sa ya faɗa mini sauran, ya faɗa yana kallon ƙasa.

Na koma tsakar gida. Nana na tambayar ko a tanadi ɗaki saboda Malam Dabo. Fadila ta zo ta tsaya a bayana.

Na ce, "Nana, Fadila ba ta da aljani, Turanci take koyo. Madina ce ke da rami a zuciya. Likita ya ce a kai ta Kano a yi mata aiki, Sabiru ya sani tun kafin azumi."